Mu Gyara Sabis Kafin Ranar Gasa

Daga Tiga zuwa Tudun Wada, duk inda aka ɗora faffaɗan katako a kan benci, za ka tarar da yara suna buga ƙwallon tebur. Amma yawancinmu, har da mu malamai, sabis ɗin ganin dama muke yi: a damƙe ƙwallo cikin yatsu, a buge shi nan take.

Dokar hukumar ITTF ba haka ta ce ba. A ɗora ƙwallo a buɗaɗɗen tafin hannu, bayan layin ƙarshen tebur, a jefa shi sama aƙalla santimita 16, sai yana saukowa a buga. Ya fara dira a gefenka kafin ya tsallake raga. Tun 2002 kuma an hana kare shi da hannu ko jiki.

Wasu za su ce ai wasa ne kawai. To, ranar da ɗalibinmu ya je gasa Kano, kowane kuskuren sabis maki ne ga abokin karawarsa, ga shi tun 2001 a maki 11 ake tashi, ba 21 ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu gyara tun daga gida.