Zuwa ga masu sana'ar gyaran jiki: tabo daban, rami daban



Idan amarya ta zo saura mako uku biki tana kuka da ɓarnar da kuraje suka yi wa kumatunta, kafin ku kwaɓa dilka ko kurkum, ku kai ta bakin taga haske ya bugi fuskar daga gefe. Wurin da ya yi duhu amma yana sumul, tabon launi ne, yakan dushe cikin watanni. Wurin da ya yi inuwa kuwa rami ne: kumburin ƙurji ya cinye kolajin, zaren da ke tallafe fata daga ƙasa, sai ta lotsa. Babu man da ke cike wannan komai tsadarsa, domin ɓarnar tana ƙasa da inda shafi ke kaiwa.

Ramukan ma ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa tun 2001 likitocin fata suka kasa su uku. Akwai mai ƙaramin baki da bai kai milimita 2 ba, amma da zurfi kamar an soka tsinke. Wannan ana ɗiga sinadarin TCA mai ƙarfi a cikin ramin kaɗai, ko a yanke shi a ɗinke. Akwai mai faɗi da kaifin gefe kamar na ƙarambau, wanda in bai yi zurfi ba, lesa ko na'urar ƙananan allurai kan rage shi. Na ukun shi ne mai tudu da kwari, wanda zaruruwa suka ɗaure daga ƙasa suna janyo fatar. Sai an zura allura ƙarƙashi an tsinke su, dabarar da aka bayyana a 1995. Fuska ɗaya kan tara duka ukun.

Za ku ce likitan fata ya yi ƙaranci, ganinsa da tsada, na'urar allurai kuma ga ta a kasuwa. Gaskiya ne, sai dai baƙar fata ba ta yafe rauni: a ɗan wuce gona da iri ta mayar da martani da duhu, wani lokaci da tabo mai tasowa da ya fi ramin wuyar magani. Allurar da ta taɓa jinin wata kuma tana iya ɗaukar cutar hanta nau'in B zuwa ga ta gaba. Wata za ta ce ai ta shafa haɗinta an ga canji. An gani, amma kumburin gurza ne ya cike ramin na kwana biyu, ko kuma clobetasol da ake sakawa a man bilicin ya haskaka wurin, alhali yana siranta fatar yana haifar da sababbin kuraje.

Abin da ke hannunku ba kaɗan ba ne: ku hana matsar ƙurji, ku tura mai kurajen da ke ci asibiti tun ramin bai samu ba. Amaryar nan kuwa ku gaya mata aikin likita zama ne da yawa, kusan wata guda tsakani, kuma ragewa yake yi, ba shafewa ba. Ranar biki, kwalliya ta ishe ta.