Mai Faɗin Kuskure Da Mai Ɓoyewa, Wa Ya Fi Laifi?

Ina so in kawo muku wata mas'ala wadda ta auku a ƙasar Amurka, domin na daɗe ina juya ta a zuciya.

Cikin watan Disamba na 2017, a babban asibitin Jami'ar Vanderbilt da ke birnin Nashville, aka kwantar da wata dattijuwa mai shekara 75 saboda zubar jini a cikin kai. Da za a shigar da ita na'urar ɗaukar hoton jiki sai ta ji tsoro, likita ya rubuta a yi mata allurar Versed, watau maganin kwantar da hankali. Wata nas, ana ce da ita RaDonda Vaught, ta tafi ga akwatin magunguna wanda kwamfuta ke tsaronsa. Ta nemi sunan ba ta gani ba, gama akwatin da ɗaya sunan ya san maganin, watau midazolam. Sai ta bi ta ƙofar gaggawa, ta buga haruffa biyu, V da E, ta ɗauki wanda ya fara fitowa. Ashe vecuronium ne, maganin da ke shanye gaɓoɓi har numfashi ya tsaya. Kashegari dattijuwar ta rasu.

Mu da muka tsufa a kan duban allon yara, wannan bai ba mu mamaki ba. Ɗigo ɗaya ne tsakanin fa da ƙaf, in ya sauka ƙasa harafi dabam, in ya hau bisa harafi dabam. Yaron da ya san bulala ke jiransa kuwa, ba ya kawo allonsa a gyara masa. Sai ya wanke a ɓoye, kuskuren ya zauna masa a ka.

Kada wani ya ce ina wanke nas ɗin ne. A'a. A bisa murfin kwalbar an rubuta gargaɗi cewa wannan magani yana shanye jiki. Gari ne wanda sai an dama shi, alhali kuwa Versed ruwa ne. Bayan ta yi allurar kuma ba ta tsaya ta ga halin majinyaciyar ba. Wannan sakaci ne babba, rai kuwa ya salwanta a kansa, ba mai mayar da shi.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya, gama nan ne maganata ta ke. Sa'ad da ta gane abin da hannunta ya aikata, nan take ta faɗa wa likitoci da shugabanninta, ba ta rage kome ba. Asibitin fa? Bai kai rahoto ga hukuma kamar yadda doka ta wajabta masa ba. Aka shaida wa mai binciken gawa cewa mutuwa ce ta ciwon da ya kawo ta. Aka sallami nas daga aiki, aka sasanta da dangin mamaciya bisa sharaɗin kada su yi magana a fili. Haka al'amarin ya kwanta har Oktoba 2018, sa'ad da wani wanda bai bayyana sunansa ba ya kai ƙara ga hukuma. Masu bincike suka zo, asibitin ya rubuta alkawarin gyara, shi ke nan nasa ya ƙare. Ita kuwa aka kama ta a 2019, aka karɓe takardar aikinta a 2021, cikin Maris 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a Mayu aka yanke mata ɗaurin talala na shekara 3. Ba wani mutum ɗaya daga manyan asibitin da ya tsaya gaban alƙali.

To, jama'a, nas ɗin da ke wani asibiti, wadda ta ga wannan, gobe in ta musanya kwalba da kwalba, me za ta yi? Lalle za ta kame bakinta. In ta kame, akwatin nan mai karɓar haruffa biyu zai ci gaba da zama yadda ya ke, yana jiran hannu na gaba. Malamanmu na fiƙihu tun dā sun raba kisan ganganci da na kuskure, ba su haɗa su a hukunci ɗaya ba, nauyin diyyar kuskure kuwa bisa dangi gaba ɗaya suka ɗora shi. A ganina dangin nas a wurin aikinta su ne waɗanda suka shirya akwatin, suka tsara aikin.

Ƙasar Denmak tun 2004 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti su kai rahoton kowane kuskure, ta kuma hana a hukunta mutum saboda rahoton da ya kai. A Amurka ma, jihar Kentucky ta kafa doka a 2024 cewa kuskuren ma'aikacin lafiya ba na kurkuku ba ne, sai fa in da ganganci ko mummunan sakaci. Ban ce a bar mai wasa da rayuka ya riƙe allura ba, a karɓe ta daga hannunsa. Abin da na ƙi shi ne a kai mai faɗi kotu, a bar mai ɓoyewa a ofishinsa.