Raddi Ga Masu Cewa Ceto A Addinin Kirista Lasisin Zunubi Ne

Akwai wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wuraren muƙabala da cikin faifan muryar da ake ta turawa a WhatsApp. Masu ita cewa suke yi Kirista ba ruwansa da fargabar zunubi, tunda an gaya masa Yesu ya riga ya biya. Ya ɗaga hannu a taron wa'azi, a tsoma shi a ruwa, a raɗa masa Bulus ko Bitrus, shi ke nan ya karɓi lasisi: ya sha, ya yi sata, ya nemi matar wani, aljanna tana nan tana jiransa. In aka nemi hujja sai a nuna halin wasu Kiristocin unguwa da fastoci masu jiragen sama, a ƙara da cewa ai ko Katolika da Furotesta ba su daidaita a kan ma'anar ceton ba. Iyakar maganar ke nan idan aka cire ihu da tafin 'yan kallo. Za a bi ta daki-daki, a yi mata adalcin da ita ba ta yi wa kowa ba.

Da farko a bambance aya da tsakuwa. Ko an gicciye Almasihu ko ba a gicciye shi ba, ko wani yana iya ɗaukar nauyin laifin wani, wannan saɓani ne na gaske tsakanin Musulmi da Kirista, malaman ɓangarorin biyu sun shafe fiye da shekara dubu suna tafka shi, kuma ba shi ake nufi a nan ba. Mutum yana da 'yancin ƙin yarda da koyarwar Kirista. Abin da ba shi da 'yancin yi shi ne ya ƙirƙira wa Kirista koyarwa sannan ya zauna yana rushe ta.

Ginshiƙin zancen shi ne wai wanda ya gaskata an biya masa zunubi ya sami izinin ci gaba da yi. Abin dariyar shi ne wannan tuhuma ta kusa shekara dubu biyu a duniya, kuma tana rubuce a cikin littafin da ake tuhuma. Manzo Bulus ya rubuta wasiƙarsa ga Romawa wajen shekara ta 57. A sura ta 3 aya ta 8 ya koka cewa wasu suna yi masa ƙazafi, wai yana koyar da a aikata mugunta don alheri ya fito, ya kuma ce hukuncin da zai hau masu faɗar haka daidai ne. Da ya kai sura ta 6 sai ya ɗauko tambayar da kansa, ko mai bi zai zauna cikin zunubi don alherin Allah ya yawaita, ya musanta ta nan take. A aya ta 15 ya sake ɗauko ta, ya sake musantawa. Hujjarsa ita ce wanda aka yi wa baftisma an binne tsohon halinsa tare da Almasihu, ba shi da dalilin komawa bautar abin da aka 'yanta shi daga gare shi. Sau biyu a sura ɗaya. Mai muƙabalar da ya hau mumbari yana kawo wannan tambaya kamar shi ya gano ta jiya, ko dai bai taɓa buɗe wasiƙar ba, ko ya buɗe ya rufe da sauri.

Ayar da suka fi son ja ita ce Afisawa sura ta 2, aya ta 8 da ta 9, inda aka ce ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba ne, don kada kowa ya yi fahariya. Nan suke tsayawa, su ɗaga kai su kalli jama'a. Aya ta 10, wadda ke manne da ta 9, ta ce an sake halittar mai bi ne domin ya yi kyawawan ayyukan da Allah ya shirya masa tun farko. Duk ɗalibin tafsiri ya san sunan wanda yake yanke aya a tsakiya don ta faɗi abin da yake so, kuma ba suna ne mai daɗi ba.

To a bar Bulus, tunda wasu sun riga sun yanke cewa shi ya ɓata addinin. A koma ga Yesu kansa a cikin Linjila. A Matiyu sura ta 18 ya ba da misalin da ya shafi maganar biyan bashi kai tsaye. Wani bawa sarki yana bin sa talanti 10,000, kuɗin da ko zai yi ta aiki har ƙarshen ransa ba zai biya ba, sarki ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya ya shaƙe wuyan abokin bautarsa a kan dinari 100, ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai ga sarki, sai ya kira shi ya danƙa shi ga masu azaba. Wane mai hankali ne zai karanta wannan ya fito da lasisi? A sura ta 7 Yesu ya yi kashedi cewa kiran sunansa da baki ba ya shigar da kowa Mulkin Sama, har waɗanda suka yi annabci da mu'ujiza da sunansa zai kore su idan masu mugun aiki ne. A sura ta 25 ya zana ranar shari'a, ma'aunin da ya ambata kuwa shi ne ciyar da mayunwaci, tufatar da matsiraici, karɓar baƙo, duba marar lafiya da ɗan kurkuku.

Labarin Zakka a Luka sura ta 19 shi ne ya fi fito da ma'anar tuba fili. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, attajirin da mutanen gari suka tsana. Ya tashi a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A nan ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan Zakka. Yahaya Mai Baftisma ma, a Luka sura ta 3, da masu haraji da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su ɗaga hannu ba. Ya ce masu haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, sojoji su daina ƙwace da ƙazafi, su gamsu da albashinsu. (Da za a kafa wannan a kowane shingen hanya a ƙasar nan, da an huta.) Wasiƙar Yakubu kuwa ta kira bangaskiyar da ba aiki gawa, ta tuna wa mai karatu cewa aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, yardar ba ta fisshe su ba.

Abin da addinin yake koyarwa a sarari yake. Ba a sayen gafara da aiki, amma wanda aka gafarta wa dole aikinsa ya sauya, in bai sauya ba to tubarsa ce ake tuhuma. Mutum yana iya cewa bai gamsu da wannan tsari ba. Ba ya iya cewa babu shi.

Za su ce ai an sami Kiristocin da suka koyar da sakaci. An samu, kuma tarihin abin da ya same su shi ne hujja mafi ƙarfi a kan masu tuhumar. Martin Luther, wanda ake jingina wa maganar ceto ta bangaskiya kaɗai, batu na farko cikin batutuwansa 95 na shekarar 1517 shi ne cewa rayuwar mai bi gaba ɗayanta tuba ce. Ƙaramin littafin koyarwar da ya rubuta wa yara a 1529 da Dokoki Goma ya fara. Da abokinsa Johann Agricola ya soma koyar da cewa ba a bukatar wa'azin Doka a cikin ikilisiya, Luther ya taso masa da muhawara a Wittenberg daga 1537 har 1540, ya rubuta masa raddi a 1539, daga ƙarshe Agricola ya bar garin ya koma Berlin. Shekara ɗari huɗu bayan haka, a 1937, Dietrich Bonhoeffer ya fitar da littafi yana caccakar cocin Jamus a kan mayar da alherin Allah abu mai arha, wato wa'azin gafara ba tare da tuba ba. 'Yan Nazi sun rataye shi ranar 9 ga Afrilu, 1945. Tun kafin su duka, a shekara ta 390, Sarki Theodosius na Rum ya sa aka kashe dubban mutane a Tasalonika. Bishop Ambrose na Milan ya hana shi Jibin Ubangiji sai da ya tuba a bainar jama'a. Sarkin daular Rum guda bai sami lasisin ba, amma wai ɗan Sabon Gari ya samu.

Mai karatu Musulmi ya san irin wannan a gidansa. An yi masu wuce gona da iri cikin Murji'a da suka ce saɓo ba ya cutar da mai imani, malaman Sunna suka yi musu raddi. Duk wanda ya ɗauki maganarsu ya ce ita ce Musulunci, za a kira shi jahili ko maƙaryaci, kuma an yi daidai. Ma'aunin ɗaya ne.

Sai batun ɗaga hannu. Nan akwai ɗan ƙamshin gaskiya, domin an ga manyan tarurrukan da ake ƙirga katunan da aka cike a sanar da adadin waɗanda suka sami ceto kamar sakamakon zaɓe. Amma wannan al'ada ba ta tsufa ba. Charles Finney ne ya yayata kiran mutane su fito gaba a Amurka a shekarun 1830, kuma tun 1843 wani malamin tauhidi, John Williamson Nevin, ya rubuta littafi guda yana sukar ta. Tsohon tsari ba haka yake ba. Wani littafin tsarin ikilisiya da ake dangantawa da Hippolytus na Rum a ƙarni na 3 ya sa wa mai neman baftisma shekara uku na koyo, ana bincikar sana'arsa tun daga ƙofa: kawali da mai sassaƙa gumaka su bar aikin ko a sallame su. Cardinal Lavigerie ya sa wa 'yan mishan ɗinsa a Afirka shekara huɗu. A Arewacin Nijeriya, duk wanda ya zauna kusa da ECWA ko COCIN ko EYN ya san ajin baftisma, ya san dattawan ikilisiya suna yi wa mai neman tambayoyi, ya kuma san abin da ake kira horo: a sanar da sunan mai laifi a gaban jama'a, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da duk wani muƙami har a ga sauyi. Tushen wannan yana 1 Korintiyawa sura ta 5, inda Bulus ya umarci a fitar da mutumin da ke zaune da matar ubansa. Ana iya sukar yadda ake gudanar da horon, musamman yadda yakan fi faɗawa kan 'yan mata masu ciki ya tsallake masu kuɗi. Amma cocin da ke horo a kan zina ba a ce ya halatta zina.

Hujjar mugun halin wasu Kiristoci ba ta cancanci dogon numfashi ba. Akwai su, da yawa. John Newton ya juyo ga Allah a cikin guguwar teku a 1748, amma ya ci gaba da fataucin bayi har 1754, sai a 1788 ya fito ya rubuta nadamarsa ya goyi bayan hana cinikin. Shekarun nan na tsakani abin kunya ne, shi ma ya ɗauke su haka. Abin da suke nunawa shi ne mutum yana iya saɓa wa abin da ya gaskata. Idan ɓarawon gwamnati mai zuwa coci hujja ne a kan Linjila, to abokin satarsa mai zuwa Umara duk shekara hujja ne a kan me?

Saɓanin Katolika da Furotesta gaskiya ne, amma a kan yadda alheri da aiki suke haɗuwa ne, ba a kan ko a daina zunubi ba. Majalisar Trent ta Katolika ta fitar da matsayinta a 1547, kuma ranar 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya cewa ceto alheri ne da ke kiran mutum ga kyawawan ayyuka. Methodist suka shiga a 2006.

Sauya suna kuwa ba sharaɗi ba ne. Shi kansa Bulus ya tuba a Ayyukan Manzanni sura ta 9, ana ta kiran sa Shawulu har sura ta 13. Farfesa Ishaya Audu da Dokta Barau Dikko, Kiristocin Wusasa, da Audunsu da Dikkonsu suka rayu.

Masu wannan magana su kawo littafin koyarwa guda ɗaya na Katolika, ko Anglican, ko Baptist, ko ECWA, wanda ya ce mai bi ya ci gaba da zunubi tunda an biya, da shafi da layi. Idan ba su kawo ba, wanda faifan ya shigo wayarsa ya goge shi, kada ya tura wa kowa.