Motar Takarda da Ƙashin Goggon Biri

A yau ɗalibi na iya saukar da zanen jiragen sama da motocin tsofaffin fina-finan Amurka daga intanet, ya buga a takarda mai kauri, ya yanka, ya liƙa da gam, su fito da siffarsu sak. Akwai jirgin X-wing na fim ɗin Star Wars na 1977, da motar DeLorean ta Back to the Future na 1985, da jiragen nan masu fiffike hawa biyu da suka harbo King Kong daga ƙololuwar ginin Empire State a fim ɗin 1933. Malamai da dama na ɗaukar wannan shiririta ce. Ni kuwa a ganina kayan gwaji ne mafi arha, muddin malami bai tsaya ga yanka da liƙi ba.

A haɗa motar nan sau biyu, ta biyun a ninka tsawonta da faɗinta da tsayinta. Ɗalibi zai tarar ta ci takarda ninki huɗu. Sai a huda rufin kowace, a ɗura gero, a auna. Babbar za ta ɗauki ninki takwas. Wanda ya auna da hannunsa ba ya bukatar hadda.

A nan ilimin halittu ya shigo. Ƙarfin ƙashi na tafiya da faɗin kaurinsa, kamar takardar, nauyin jiki kuwa na tafiya da cikinsa, kamar geron. Galileo ya bayyana haka tun 1638. Da za a ninka goggon biri sau huɗu ta kowace fuska, nauyinsa zai ninka sau 64, ƙarfin ƙashinsa sau 16 kacal. Ke nan kafin jirage su iso, ƙafafun Kong sun fara kai ƙara. Hukuncin nan bai bar tsuntsaye ba: jimina, mai wuce kilo 100, ta haƙura da sama, su kuma dangin tuje, mafiya nauyi cikin masu tashi, da ƙyar suke wuce kilo 18.

Ana iya cewa fim ƙirƙira ne, zai ruɗa yara. Amma ai ƙirƙirar ce abin gwadawa. Malam, ka ɗora X-wing bisa tebur, ka tambayi aji amfanin fiffike a sararin da babu iska, sa'annan ka yi shiru ka bar su su yi gardama.