Wa'azinmu Ba Ya Tsayawa a Bangon Majami'a



Akwai abin da ba a cika koya mana a makarantar tauhidi ba, sai a bakin aiki. A garuruwa irin namu, inda gidajen masu bi ba su wuce goma ko ashirin ba, wa'azin ranar Lahadi yana da masu sauraro kashi biyu. Akwai na kan benci, akwai kuma na bayan katanga: maƙwabci Musulmi da ke gyaran shingensa, da matan da ke daka, da yaran da ke leƙe ta taga. Lasifika tana kai musu kowace kalma. Yau kuma ga waya a aljihun kowa. Kafin a ɗauki baiko, guntun maganar fasto ya isa WhatsApp, ba farko ba ƙarshe.

Ra'ayinmu shi ne bagadi ba wurin taɓa addinin maƙwabci ba ne. Mun san wasu za su ce wannan tsoro ne. To, mu duba Manzo Bulus, wanda ba wanda zai kira shi matsoraci. Ya yi wajen shekara uku a Afisa, biyu daga ciki yana koyarwa kullum a makarantar Tiranas, har kasuwar maƙeran azurfa masu ƙera siffar haikalin allahiyar garin ta fara faɗuwa. Da tarzoma ta tashi, magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, ya shaida a gaban taro cewa mutanen nan ba su yi wa haikali sata ba, ba su kuma zagi allahiyarsu ba (Ayyukan Manzanni 19:37). Bishara ta cika ƙasar Asiya, amma an rasa zagi guda da za a kama su da shi. Tambayar da ya kamata kowannenmu ya yi wa kansa ita ce, in an tara mutane a ƙofar dagaci saboda wa'azinmu, akwai Musulmin da zai iya tashi ya ba da irin wannan shaida?

Manyan cikinmu ba su manta watan Maris na 1987 ba. Gardama a kan maganar mai wa'azi a taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ta zama wuta a majami'un Zariya, Kaduna, Funtuwa da Katsina. Waɗanda suka kwana a barikin soja yawancinsu ba su ma ji abin da aka faɗa ba. Ba muna cewa kowace ƙone-ƙone laifin bakinmu ba ne. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata mujalla a Faransa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ba su taɓa gani ba. Mai neman dalili ba ya rasawa. Amma kada mu ne za mu miƙa masa ashana.

Mu tuna kuma, fasto baƙo ne. Bayan shekara uku ko huɗu takardar canjin wurin aiki za ta zo, ya ɗaure kayansa. Gwauruwar da ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da matan unguwa tana nan. Manomin da ya ari gona daga hannun ɗan'uwan babansa Musulmi yana nan. Su ne za su biya bashin kalmar da muka jefa domin a tafa mana.

Maganin farko yana wurin shiri. Faston da ya hau bagadi ba tare da ya zauna da nassi ba, in abin faɗa ya ƙare masa a minti na goma, sai ya koma kan labarin gari da habaici. Shi ya sa muke ba da shawara a ɗauki littafi guda, a ce Markus ko Bitrus na Fari, a bi shi sura sura har ya ƙare. Nassi ne zai zaɓa mana abin da za mu faɗa, ba ɓacin ran da muka kwana da shi ba. Bitrus na Fari ma kamar domin mu aka rubuta shi, gama wasiƙa ce zuwa ga 'yan tsiraru da ke warwatse a tsakanin jama'ar da ba ta yarda da su ba. Babu abin da za mu rage: mutuwar Almasihu a kan gicciye, tashinsa, da cewa ceto ta wurinsa ne kaɗai, duka a faɗe su sarai. Abin da muke hanawa shi ne kiran sunan annabin wasu ko littafinsu domin gwadawa ko ba'a. Tambayoyi masu nauyi, kamar ma'anar "Ɗan Allah" da yaranmu ke shan tambaya a kai a makaranta, wurinsu ajin baftisma ne da binciken Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, inda mutum zai ɗaga hannu ya tambaya, a ba shi amsa a natse.

Dattawa, babban rabon aikin nan naku ne, musamman game da baƙin masu wa'azi. Wanda ya zo taron farkawa daga inda Kirista suka fi yawa, sau da yawa bai san ƙasar da yake takawa ba. Ba rashin kunya ba ne dattijo biyu su zauna da shi kafin sujada, su gaya masa abin da ba a faɗa a nan. In ya ƙi ji, a ba shi kuɗin motarsa. Lasifika kuma a juya ta ciki. Majami'ar mutum hamsin ba ta bukatar ƙaho a kan rufi, balle a addu'ar dare. Sabon fasto in ya sauka, ku kai shi gaisuwa wurin dagaci da limamin gari a makonsa na farko, ku kuma riƙa sanar da shi rasuwa da suna a unguwa domin ya je.