Ra'ayinmu: Yaji Ba Saki Ba Ne

Kalmomin da muke kiran aiki da su suna ɗauke da tarihinmu. "Lebura" aro ce daga Turanci, ta shigo bakin Bahaushe a zamanin Turawa, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo. "Malami" daga Larabci ta zo tun kafin wannan, da ma'anar mai koyarwa. Amma "yajin aiki" ba a aro ta daga ko'ina ba. Daga cikin gidan aure aka ɗauko ta.

A al'adar Hausa, idan an ƙuntata wa mace har tura ta kai bango, takan tafi gidan iyayenta. Wannan shi ne yaji. Igiyar aure tana nan ba ta tsinke ba. Abin da ake jira shi ne biko: miji ya aiko manya, a zauna, a ji koke, a gyara, ta koma ɗakinta da mutuncinta. Wanda ya fara kiran ajiye kayan aiki da sunan yaji ya fahimci wannan sarai.

Haka ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran ma'aikatan gwamnati suka yi a 1945, ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, kan tsadar rayuwa. Haka malaman firamare na Jihar Kaduna suka yi a Janairun 2018, bayan sallamar abokan aikinsu fiye da 21,000. A duka biyun, masu yajin suna son aikinsu, sun kuma koma bakinsa.

Mu da ke kudu da kogi mun san yadda saki yake. Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, kuma jikokin ma'aikatanta suna cikin azuzuwanmu a Makera da Nasarawa. A can babu wanda ya zo biko.

Saboda haka muna kira ga iyalanmu da iyayen yara: ranar da kuka ga makaranta a kulle, kada ku ce malami ya guji 'ya'yanku. Ku tambayi dalili. Ga mahukunta kuwa, biko ba ƙasƙanci ba ne, kuma jinkirinsa a kan yara yake ƙarewa. Mu ma 'yan ƙungiya akwai namu nauyin. Yaji ba ya halatta sai an bi matakan koke, an ba da wa'adi. Idan kuma an daidaita, wajibi ne mu koma aji a kan lokaci, mu rama wa ɗalibai darussan da suka rasa.