Cinikin Itatuwan Ƙawa a Azare: Ruwa Ne Ainihin Farashi

Sababbin gidaje da masaukan baƙi da gidajen mai da ake ginawa a Azare, mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, sun buɗe kasuwa ga masu renon itatuwan ƙawa. Daga cikin abin da ke ɗaukar idon masu saye akwai tuja, gajeriyar bishiyar nan mai tsini a sama da ba ta zubar da ganye rani da damina, wadda wasu ke kira bishiyar Kirsimeti.

Ya kamata ɗan kasuwa ya yi lissafi kafin ya zuba jari a kanta. Asalin irin da aka fi sayarwa daga arewacin ƙasar Sin ne da Koriya, kuma a Nijeriya ta fi jin daɗin wuri mai sanyi irin Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200. Azare kuwa ba ta kai mita 500 ba. Ruwan sama na sosai daga Yuni ne zuwa Satumba, sannan zafin bazara yakan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Ke nan kuɗin dashe shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da mai gida zai kashe. Wata takwas zai yi yana ban ruwa, ko daga rijiyar burtsatse ko daga hannun 'yan garuwa, kan itacen da ba ya ba da inuwa balle 'ya'ya. Ga ta da jinkirin girma. Abin da ya fi muni, reshen da ya bushe har cikin tsohon ice ba ya sake toho, don haka sakacin mako biyu a bazara yana iya lalata renon shekara uku. Wanda ya yi irin wannan asara da wuya ya koma wurin wanda ya sayar masa, kuma Azare gari ne da labari ba ya kwana.

Mai son wannan ciniki sai ya reni dashen a ƙarƙashin rumfa har ya tsallake bazara ɗaya, ya sayar da shi cikin tukunya mai huji, ya kuma gaya wa mai saye ya kauce wa ranar yamma.

Amma babban jari ya fi cancanta ga itatuwan da suka saba da ƙasar: darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, da dakwara mai ba da ƙaro, da dabino. Jihar Bauchi tana cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall, wanda aka kafa wa hukuma a 2015, haka kuma tana cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021. Irin waɗannan shirye-shirye dubu-dubu suke buƙatar dashe, alhali mai gida tuja biyu yake saye don bakin ƙofa.